Ƙwaryar Bara Ke Biyan Zubin Bana

Duk wadda ta taɓa riƙe littafin asusu ta san watan da zubi ke nauyi. Agusta ne. Rumbu ya yi ƙasa, hatsin gona bai kai ba, masassara ta shiga gidaje, ɗan abin da ke hannu ya tafi likita. Lokacin ne mace za ta zo taro ta raɓe can bakin tabarma, in an kira sunanta ta ce a yi mata haƙuri sai sati mai zuwa. Mun sha gani, kuma cikinmu masu haɗa wannan takarda akwai waɗanda suka yi irin wannan raɓewa.

Amma a ƙungiyarmu akwai wata dattijuwa da ba mu taɓa rubuta mata tara ba. Ba ta da gona, mijinta ya daɗe da rasuwa, ɗiyanta kuma ba wani ƙarfi gare su ba. Da muka matsa mata da tambaya, sai ta ja mu ɗakinta ta nuna mana sama. Su ludayi ne da ƙoƙo da ƙwarya, wasu an zarga a igiya an rataye, wasu an kife cikin juna a saman randa. Duka na duman da ta shuka bara ne a jikin dangarta. Tun kaka ta fafe su ta adana. In sati ya zagayo babu kuɗi, sai ta sauke biyu ko uku ta ba jikarta ta kai kasuwa. Miya kuwa ba ta cika saye ba da damina, don ga ganyen kabewa nan ya rufe bayan ɗakin. Da muka ƙirga, rami uku ne kacal gare ta.

Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maradi a 1991, abin da muka koya shi ne tara kaɗan-kaɗan. To amma kafin a tara sai an samu, kuma da yawanmu ƙasar noma ta fi ƙarfinmu. A garuruwa da dama na kudancin Maradi gamanar da ake yanka wa mace ta ƙanƙance, wani wurin ma ta ɓace ɗungum, don gandun kansa bai ishi maza ba. Ƴan uwanmu na Yamai da cikin birnin Damagaram kuwa da yawa gidan haya suke. Ƙasar da ta rage a hannun mace ita ce ta tsakar gidanta: gindin danga, bayan ɗaki, gefen murhu, kan rumfa. Kabewa da duma su ne shukar irin wannan wuri, don gindinsu kaɗai ke buƙatar ƙasa. Sauran jikin yaɗo ne, inda kika nuna masa nan zai bi.

Dangi ne, amma halinsu ya bambanta. Duma ɗan gida ne, asalinsa nan Afirka, yana cikin tsofaffin abubuwan da ɗan Adam ya fara shukawa. Kabewa baƙuwa ce da ta zama ƴar gari, daga nahiyar Amurka ta fito, jiragen ruwa suka yaɗa ta duniya bayan 1492. Kabewa wata uku zuwa huɗu ta nuna. Duma sai an yi haƙuri, yakan kai wata huɗu zuwa biyar kafin ɓawonsa ya yi tauri yadda za a fafe. Shi ya sa in ruwa ya sauka a Yuni, duma ake fara bisawa. Wadda ta jira sai Agusta, ruwa zai ɗauke ya bar mata ɗanyen duma mai laushin baya, ta fafe ya motse kamar tsohuwar fata.

Ramin shi ne rabin aikin

Ƴan uwanmu na jihar Tawa ba sai an koya musu ba, sun san tassa, ramin nan da ake ginawa a faƙo a zuba taki ya tare ruwa, wanda ya raya ƙasa a wajen Illela da Badagishiri. To ramin kabewa tassa ce babba. Faɗinsa kamu guda, zurfinsa ya kusa hakan. Ki cika shi da ƙasar da kika haƙo haɗe da ruɓaɓɓen taki, kashin awaki ko na shanu wanda ya shekara, ko baƙar ƙasar juji bayan an tsince leda da kwalba da tsohon batir. Ɗanyen taki yana ƙone tsiro, yana kuma kiran gara. Ki bar ɗan kwari a sama don ruwa ya tsaya, sai fa in wurin mai kwantar da ruwa ne, nan kam tudu za ki yi, don saiwar ba ta son jiƙo. Tsakanin rami da rami a bar taku uku, kuma wurin ya zama mai samun rana sosai. A inuwar bedi ganye za ki samu, ɗiya kaɗan.

Ƙwaya uku ko huɗu a rami, zurfin gaɓar yatsa. Ƙwayar duma tauri gare ta, a jiƙa ta ta kwana kafin a shuka. Cikin sati guda zuwa kwana goma za ki ga tsiro. In sun yi ganye uku-huɗu, ki bar biyu mafi ƙarfi ki cire sauran. Mun san da ciwo, hannu ba ya son cire abin da ya tsiro lafiya, amma huɗu a rami guda yunwa za su kashe juna da ita.

Wadda ba ta da ƙasa ko kaɗan, gidan duk siminti, tana iya cika tsohon buhu ko rabin tano da ƙasa da taki, ta huda ƙasansa, ta shuka gindi guda ta ɗora shi kan rumfa. Sai dai na buhu kullum yana son ruwa, kuma a gidan haya a fara shaida wa mai gida da maƙwabta.

Ruwan alwala, na wankin hatsi, na ɗaurayar kwanuka, duk ya isa ya riƙe rami uku in damina ta yi tsaiko. A gindi ake zubawa, ba a kan ganye ba. Ruwan wanki mai omo da yawa ko mai jabel, da ruwan da ya fito daga makewayi, kada su kusanci abin da za a ci.

Sai babbar abokiyar gaba, akuya. Ba mu da wata dubara a nan da ta wuce ƙaya da tsohon kwando ko guntun gidan sauro, tun ranar shuka. Ɗaya daga cikinmu ta yi asarar shukar wata guda cikin lokacin da ta shiga ɗaki ɗauko gishiri, kuma akuyar tata ce, balle ta kai ƙara.

Fure ya yi yawa, ɗiya babu

Nan ne mata da yawa ke karaya. Yaɗo ya yi kyau, fure ya fito rawaya shar, sai ki ga yana ta zubewa ba ko ɗa guda. Wata ta ce baki ne, wata ta ce irin juya ne, har ta tuge ta zubar. Ƴar uwa, dakata. Gindi guda na kabewa fure iri biyu yake yi, namiji da mace. Namijin ne ke fara fitowa, da yawa, a kan dogon siririn tsinke, kuma zubewa aikinsa ne, ba ya zama kabewa har abada. Macen sai bayan sati guda ko biyu take bayyana. Ki duba ƙarƙashin furen, za ki ga ƴar ƙaramar kabewa kamar goro manne da shi. Ita ce mai haihuwa, amma sai an kai mata garin nan rawaya da ke cikin namijin. Ƙudan zuma ke wannan aike. Furen kabewa da asuba yake buɗewa, kafin rana ta take ya rufe, kuma ba ya sake buɗewa. In zuma ba ta zo ba a wannan safiya, ƴar kabewar za ta yi rawaya ta yanƙwane ta faɗi.

A cikin gari, inda zuma ta yi ƙaranci, ke za ki zama ƴar aiken. Mu dai ɗaurin aure muke ce masa. Bayan sallar asuba, da gari ya waye, ki tsinko namiji wanda ya buɗe a ranar, ki yage ganyen furen ki bar tsinken tsakiya mai gari, ki goga shi a hankali a tsakiyar macen, ko'ina ya samu. Namiji guda na iya isar mace biyu. Bayan kwana uku ko huɗu, in ta kama, za ki ga ta fara kumbura tana sheƙi. Yara ma na iya wannan kafin su tafi lakwal, kuma suna son sa.

Duma shi ma haka ne, namiji da mace, sai dai furensa fari ne kuma da maraice yake buɗewa, ƙwarin dare ke yi masa aike. Nasa ɗaurin auren sai dab da magariba. Wani abu kuma game da duma: yawancin furen mace a rassan gefe yake fitowa. In uwar yaɗon ta yi tsawo ta hau rumfa, ki tsinke kanta, sai ta fitar da rassa, ɗiya su yawaita.

Yawa kuma ba kullum ne alheri ba. In babbar ƙwarya ko masaki kike so, ki bar ɗiya biyu ko uku a gindi, ki cire na baya. Tun tana ƙarama ki zaunar da ita daidai bisa gindinta a kan yashi ko tsohon faifai, don in ta girma a kishingiɗe, gefe guda zai baje, ƙwarya ta fito karkatacciya, mai saye kuma a nan zai rage miki kuɗi. Ludayi da zunguru da shantu rataya suke so. In suka sauko daga rumfa, nauyinsu ke miƙar da wuyan. Wanda ya girma a ƙasa wuyansa lanƙwashewa yake. A kula da rufin ciyawa, yaɗo mai kauri na riƙe laima ya ruɓar da shi, gara a kafa ƴar rumfar kara daban. Kuma a riƙa share hanya tsakanin yaɗo da ƙofar ɗaki, kada a yi wa maciji da kunama masauki.

Ƙwari sukan zo. Akwai wani ja-ja ƙarami mai huda ganye tun shuka na jariri. Toka da sassafe, lokacin da raɓa ke jikin ganye, tana rage shi, a kuma tsince da hannu. In ya yi yawa, a daka busassun ɗiyan bedi, dogon yaro ke nan, rabin kilo a lita 10 na ruwa, a bari ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu, a yayyafa a ganye sama da ƙasa da yamma, a kauce wa fure. Wanda ya fi ɓarna shi ne wani ƙuda da ke harbin ɗanyen ɗa ya sa ƙwai a ciki. Za ki ga ɗigo kamar na allura, sai wurin ya ruɓe, ki fasa ki ga tsutsa. Duk wanda ya ruɓe kada a yar da shi gindin shuka, don daga nan sabbin ƙudaje ke tashi. A bisne shi da zurfi, ko a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana. Ɗan da ya kama kuwa a rufe shi da tsumma mara nauyi har bayansa ya yi ƙwari. Abu guda muke roƙo: kada a fesa piya-piya ko wani maganin kasuwa da ba a san kansa ba. Tsakar gida ce, yara na rarrafe, kaji na kiwo, kuma zumar da ke miki aiki ita zai fara kashewa.

Abin tukunya

Tun kafin kabewa ta nuna an fara cin ta. Ɗanyen ganye na kan yaɗo, a murje ƴar ƙayar jikinsa, yana yin miya, yana shiga kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Kaɗan-kaɗan ake tsinka, kada a yi wa gindin tsirara. Furen namiji da ya gama aikinsa shi ma ana sa shi a miya.

Kabewa ta nuna in kika danna farce bai shiga ba, wutsiyarta kuma ta bushe ta yi kamar itace. A yanke ta da wutsiya tsawon yatsa, kada a fizge, kada kuma a ɗauke ta ta wutsiyar, don in ta ɓalle nan ruɓa ke shiga. A shanya ta sati guda zuwa kwana goma inda iska ke kaɗawa, sannan a jera a inuwa bisa gadon kara ko busasshen yashi, kada su taɓa juna. Mai lafiya, wadda ba ta ƙuje ba, tana kai wata uku har fiye. A riƙa dubawa, wadda ta fara laushi ita ake fara ci. Wadda aka yanka ba ta jira, abin da ya rage a yi masa sirara-sirara a shanya, a daka in ana so, ya jira rani.

Wadda cikinta ya fi ja ita ta fi amfani, don launin nan shi jiki ke mayarwa bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi, yake kuma raunana yaro gaban cuta. Da ɗan mai ko gyaɗa jiki ya fi ɗaukarsa, kin ga ashe masu sa gyaɗa a miyar taushe sun san abin da suke yi. Yaron da ya cika wata 6 ana iya dafa masa ita a murje cikin kunu, tare da nono. Wannan ba ya hana a kai shi karɓar bitamin A da ma'aikatan lafiya ke ba yara daga wata 6 zuwa 59. Ƙwayar ma kada a zubar, a soya a ba yara, ko a niƙa a kaɗa miya.

Gargaɗi guda. Kabewar da kika ɗanɗana kika ji ɗaci, zubar da ita, dahuwa ba ta kashe wannan ɗacin, kuma yana sa amai da zawo mai tsanani. Cikin duma mai ɗaci ma haka, a nisanta shi da yara da dabbobi ranar fafa.

Abin kasuwa

Kada mu ruɗi juna, roba da kwanon silba sun ci kasuwar ƙwarya da yawa. Wadda ta shuka duma da niyyar yin arziki za ta sha mamaki. Amma kasuwar ba ta mutu ba. Fura da nono har gobe a ƙwarya suka fi daɗi, matan Fulani ba su daina saye ba, mai kunu na son ludayi, jeren amarya na son ƙwarya mai zane, ga masu kiɗan ƙwarya da masu haɗa goge da gurumi. Ki leƙa Kasuwar Dole ta Damagaram ko kasuwar ƙauye ranar cinta, za ki tarar da masu ƙwarya a wurinsu.

Duma sai yaɗon ya bushe, wutsiyar ta yi ruwan ƙasa, sannan a cire. A ƙara shanya shi nesa da danshin ƙasa. A zana layin da za a bi, a yanka da zarto ko wuƙa mai kaifi, a kwashe ƙwaya a ajiye gefe, a zuba ruwa a bar cikin ya ruɓe kwanaki, a kankare tas. Sai a yi ta jiƙawa ana sauya ruwa har ɗacin ya fita, a shanya a inuwa don rana mai zafi na tsaga sabuwar ƙwarya. Wadda ba ta taɓa yi ba ta zauna kusa da wadda ta iya, ta fara da ƙoƙo. Kowa sai ta fasa biyu-uku kafin hannu ya faɗa.

Dubarar dattijuwar nan tamu ita ce ba ta sayarwa da kaka, lokacin da kowa ya fito da nasa. Ƙwarya ba ta ci, ba ta sha, ba ta ruɓewa in an kare ta daga laima da ɓera da gara. Mu yi lissafi na misali, kowa ta sa farashin garinsu. A ce zubinki dala 50 ne a sati. Sati takwas na tsakiyar damina dala 400 ke nan, jika biyu. In ludayi guda dala 20 ne, ludayi 20 sun rufe miki wannan rami. Gindi biyu ko uku masu lafiya na iya ba da hakan. Ba a fafe gora ranar tafiya, na Agusta tun Nuwamba ake rataye shi.

Shawararmu kuma, kada a ci bashin asusu don wannan shuka. Ba ta buƙatar kuɗi, iri da taki da ƙaya duk ana samu a gari, kuma bashin zai iso lokacin biya tun duma bai yi tauri ba. In bashi ne, sai ga wadda ta riga ta ƙware a fafa, tana son sayen ɗanyen duma wurin manoma da kaka ta gyara ta sayar.

Iri ma asusu ne

Akwai abin da ya ci mu shekaru biyu kafin mu gane. Mun shuka ludayi da babbar ƙwarya a danga guda, shekarar farko kowa ya fito da kamanninsa. Muka ɗebi irinsu muka shuka, sai ga wani abu da ba ludayi ba, ba ƙwarya ba, wuya gajere, ciki ƙato, ba mai saye. Dalili, duk duma jinsi guda ne, ƙwarin dare na ɗaukar gari daga wannan su kai wa wancan. Ɗan bana yana bin uwarsa, amma ƙwayar cikinsa ta riga ta gauraya. Kabewa da kabewa ma haka suke. Kabewa da duma kuwa ba su haɗuwa, a shuka su kafaɗa da kafaɗa ba komai.

Maganin abin mai sauƙi ne. Furen da za a ɗebi iri daga gare shi, a ɗaure bakinsa da zare tun kafin ya buɗe, macen da namijin duka, daga iri guda. Na kabewa da yamma ake ɗaurewa a kwance da asuba, na duma da rana a kwance da magariba. A yi ɗaurin auren da hannu, a sake ɗaure bakin macen, a ƙulla jan tsumma a wutsiyarta don a gane ta ranar girbi. Ɗa guda ya isa ya ba ƙungiya duka iri. A bar shi ya nuna sarai, a wanke ƙwayar, ta kabewa wadda ba ta da ciki a yar, a shanya a inuwa ta bushe ƙarau, a gauraya da toka a zuba a gora ko kwalba mai murfi, a rubuta sunan irin da shekara.

A ƙungiyarmu yanzu mun raba aikin: wata na riƙe irin ludayi, wata na masaki, wata na jar kabewa. Wadda ta karɓi ƙwaya goma da bazara takan mayar da ashirin da kaka, sakatariya ta rubuta a shafin ƙarshe na littafin zubi. Kwalaben suna zaune wurin mai ajiyar akwati, amma ba cikin akwatin ba, don toka na ɓata takardun kuɗi. Ƙungiyar da ke son farawa bana, kowace mace ta tambayi tsofaffin gidansu irin da suka ɓoye, ta zo da shi taro na gaba a ƙulle a tsumma, ta kuma zo da ɗan da aka ciro shi ko ƙwaryarsa in akwai, don a ga kamanninsa kafin a raba.